Ba kowane jirgin katako ne kwale-kwale ba

Duk shekara, da zarar damina ta yi nisa koguna sun cika, labari iri ɗaya ne ke dawowa a rediyo: kwale-kwale ya kife a wuri kaza, ana neman mutum kaza. Sai ka kasa kunne ka ji yawan waɗanda ke ciki, a ce maka 80, ko 150, wani lokaci har 300. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Kaduna ya ga abin da muke kira kwale-kwale ya san lissafin nan bai hau ba. Namu ɗan siriri ne, mutum ɗaya ke tuƙa shi da gora ko filafili, in ya ɗauki manya takwas da buhu biyu to ya cika maƙil. Ina zai sa mutum 300?

Wani zai ce wannan ƙorafin malaman Hausa ne, mutane na mutuwa kai kana gyaran baki. Ni kuwa ina ganin wannan kuɗin goron da ake yi wa jiragen ruwa yana cikin abin da ya sa muka kasa gano inda ciwon yake. Sana'a biyu ce daban, ta ƙaramin kwale-kwale da ta ƙaton jirgin katako mai inji, haɗari biyu daban, amma an sa musu suna ɗaya, kuma idan hukuma ta tashi ɗaukar mataki, kan mai ƙaramin ne sandar ke sauka.

A da can, in Bahaushe ya ce jirgi, na ruwa yake nufi. Sai da layin dogo ya isa Kano a 1911 aka sami jirgin ƙasa, na sama ya sauka a Kano a 1925 aka sami jirgin sama, shi kuma na asalin ya koma sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi. A cikin jiragen ruwan, kwale-kwale shi ne ƙarami marar nauyi, wanda ƙarfin damtsen mutum ke tafiyar da shi. Shi masunci ke shiga ya jefa birgi, shi mai fito ke haye da mutane, shi yara ke kwaikwaya da takardar littafi su saka a kwata in an yi ruwa. Babu yaron da ya taɓa naɗe takarda ya ce ya yi abin da zai ɗauki kasuwa guda.

Kuma tsohon abu ne ƙwarai a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da wani itace sassaƙaƙƙe a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an fafe shi daga gungumen itace ɗaya dangin maɗaci, shekarunsa wajen 8,000. Babu wanda ya girme shi cikin waɗanda aka gano a Afirka. Yana Damaturu a ajiye. Wato tun kafin a san doki a nan, mutanenmu sun san yadda ake daidaita nauyi a kan ruwa.

To, abin da ke kifewa da ɗaruruwan mutane a kogin Neja da tafkin Kainji wani abu ne can daban. Ƙaton jirgi ne na katako da aka harhaɗa da ƙusa, tsawonsa ya fi na babbar mota, an ɗaura masa inji a baya. Ana loda masa buhunan hatsi, da babura, da awaki, da yashi in ta kama, sannan mutane su hau saman kayan. A watan Mayun 2021, wanda ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a ciki. A Yunin 2023, 'yan biki da ke komowa daga wani ƙauye a jihar Neja suka nutse a yankin Patigi na jihar Kwara da tsakar dare, aka rasa fiye da 100. Ranar 1 ga Oktoban 2024, a Gbajibo cikin ƙaramar hukumar Mokwa, jirgin da aka ce ya ɗauko kusan 300, yawancinsu mata da yara masu zuwa Mauludi, ya kife da dare. A duk waɗannan, wasu masu ba da labari sun ce jirgin ruwa, da yawa kuwa kwale-kwale suka ce.

Dubi abin da ya haɗa su. Lodi ya wuce kima, domin ranar kasuwa ce ko ranar biki kuma jirgi ɗaya ne zai tashi, wanda ya rasa shi sai gobe. Tafiyar dare, babu fitila. Katako ya tsufa, an yi ta toshe shi da tsumma da kwalta har ya gaji. Sannan ga kututture: lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa, kuma har yau akwai itatuwa a tsaye a ƙarƙashin ruwan. Jirgi mai inji yana gudu da nauyin kasuwa a kansa, in ya daki ɗaya daga ciki, rabewa biyu yake yi. Wannan harka ce ta sufuri kamar ta tashar mota, akwai mai jirgi, akwai direba, akwai masu karɓar kuɗi, akwai ribar da ke ƙaruwa da kowane kai da aka ƙara. Ita ce ke buƙatar rajista, da duba lafiyar jirgi, da takardar sunayen fasinja, da jami'i a tsaye yana ƙirga masu shiga.

Yanzu a sauko bakin kogin Kaduna. Kogin nan daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa tsakiyar garinmu na Kaduna ya raba shi biyu, ya wuce Shiroro da Zungeru, ya je ya faɗa Neja a ƙasar Nufe. A cikin gari muna da gadoji, an ma ƙara sababbi a 'yan shekarun nan, amma gada ba ta bin gona. Daga wajen Rafin Guza da Malali, a gangaro Unguwar Rimi da Kabala, har a fita ta Nasarawa da Kudenda, akwai mutanen da gidansu ke wannan gaɓa, abincinsu ke waccan. Mai lambun da ke noman alayyafo da masara a fadama, matar da ke saro ganye da asuba, leburan da aikinsa ke tsallake. In ya bi ta gada, keke biyu zai hau ya kashe kuɗin da ya fi abin da zai samo. In ya sauko mashigi, 'yan mintoci ne ya haye.

Ka tsaya ka kalli mai fito yana aiki. Ba ya barin kowa ya zauna inda ya ga dama. Yana tsaye a ƙarshen kwale-kwalen da gorarsa a kafe cikin laka, yana nuna wa kowa wuri da baki: "Hajiya, matsa tsakiya. Kai ɗan samari, zauna ƙasa, kar ka miƙe sai na ce." In akwai babur, kwantar da shi ake yi a gicciye, mai shi ya riƙe. Akwai rabin jarka da aka yanke a ƙasan kwale-kwalen, duk wanda ya zauna kusa da ita ya san aikinsa ne ya riƙa kwarfe ruwan da ke tsattsafowa. Kuma ba ya nufar tsallaken kai tsaye. Sai ya fara haurawa sama ta gefen gaɓa inda ruwa ba shi da ƙarfi, ya yi nisa, sannan ya saki hancin ya bar kogin da kansa ya gangaro da shi daidai mashigin can. Inda gora ta daina taɓa ƙasa, ya ajiye ta ya ɗauki filafili. Na taɓa jin wani matashi mai sauri ya ce wa wani dattijon mai fito, "Baba, ai akwai wuri, bari in raɓa." Dattijon bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, wurin na ruwa ne. Jira in dawo."

Wannan ilimi ne, kuma ba a makaranta aka koye shi ba. Mutumin nan ya san inda dutse yake, ya san inda 'yan yashi suka yi rami, yana duban launin ruwa da irin tarkacen da ya ɗauko ya gaya maka an yi ruwa a sama jiya ko ba a yi ba. Shi ne kuma wanda ake rugawa a kira in yaro ya faɗa kogi. Lokacin babbar ambaliyar 2003, da duk waɗanda suka biyo bayanta a Kigo Road da Kabala da sauran unguwannin bakin ruwa, da kwale-kwalen masunta da na 'yan yashi aka riƙa fito da tsofaffi da katifu daga gidaje kafin wata hukuma ta iso.

Kada a ɗauka ina cewa ƙaramin ba ya kisa. Yana yi. Kogin Kaduna na watan Maris, wanda yara ke tsallake wasu wuraren da ƙafa a kan duwatsu, ba shi ne na Agusta da Satumba ba. In ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da bola, kuskure kaɗan ya isa. Akwai masu fiton da kwaɗayi ke sa su ƙara mutum biyu a kan ƙa'ida. Akwai waɗanda ke miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu gora su tafi cin abinci. Yawancin fasinjojin kuma, musamman mata, ba su iya iyo ba, ga zani ga hijabi ga goyo. A ƙauyukan jihar nan, inda rafi ke raba yara da makaranta duk damina, ana rasa rayuka biyu, uku, biyar, waɗanda ko labarinsu ba ya fita daga ƙaramar hukuma. Abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ya isa misali: jirgi ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Mauludi, aka loda masa abin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, ya nutse a madatsar Watari, aka tsamo gawa aƙalla 29, galibi ƙananan yara. Ba a kogin Neja ba ne wannan, gajeriyar tafiya ce da mutanen wurin suka saba yi kullum.

Amma maganin wannan daban, maganin wancan daban, kuma a nan ne nake da ja da yadda hukumomi ke magana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, tana da dokoki masu kyau a takarda: ba tafiyar dare, ba lodi fiye da kima, kowa ya sa rigar kariya. A 2023 aka kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da albarkatun ruwa, a 2025 kuma ta fara rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12, aka soma daga Minna. Madalla. Sai dai maganar da ta fi fitowa daga bakin manya bayan kowane haɗari ita ce a kawar da jiragen katako, a koma na roba da na ƙarfe. Ga ƙaton da ke ɗaukar mutum 200 a Kainji, na yarda, a kawar da shi gobe ma in akwai abin da za a ba mutane a madadinsa. Amma "jirgin katako" ya haɗa har da na dattijon nan na Kabala, wanda kafinta ya ƙera masa a bakin kogi, wanda in ya tsage shi da kansa zai gyara kafin azahar. Wa zai saya masa na roba? In an saya masa, ya fashe a kan dutse, ina zai kai shi?

Mun san yadda hani ke ƙarewa a ƙasar nan. Ba ya hana komai, sai dai ya mai da sana'a ta koma ta ɓoye. An hana acaɓa a garin nan ba sau ɗaya ba, kowa ya ga abin da ya biyo baya. In aka hana fito da rana, za a yi shi da asuba da bayan magariba, a mashigin da ba a sani ba, lokacin da ya fi kowane haɗari. Dattijan da ke tsoron kamu za su ajiye gora, yaran da ba su san ruwa ba su ɗauka. Mai lambu dai ba zai bar alayyafonsa ya bushe a tsallake don an yi sanarwa a rediyo ba.

Akwai kuma tambayar wa ke da kogin. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hanyoyin ruwa na cikin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya suke, kuma kogin Kaduna na cikin waɗanda dokar NIWA ta lissafa. To amma wa ya taɓa ganin jami'in tarayya a mashigin unguwa yana duba kwale-kwalen mutum takwas? Ba za a gan shi ba, ba ma zai yiwu ba, mashigan sun yi yawa. Jiha na iya cewa ba hurumina ba ne, ƙaramar hukuma ta ce ba ni da kuɗi, sai abin ya zama na kowa kuma ba na kowa ba, har ranar da za a zo jaje da buhunan shinkafa.

Alhali muna da tsarin da ya girmi duk waɗannan hukumomi. A ƙasar Hausa ruwa yana da sarki. A Argungu, ba mai shiga kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A Yawuri, Sarkawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, a ƙasar Nufe ma akwai Kede, waɗanda tuƙin jirgi a Neja shi ne sana'arsu tun kafin zuwan Turawa. Ko a nan Kaduna, masunta da 'yan yashi da masu fito suna da shugabanninsu, sun san juna, sun san wanda ya iya da wanda ke ganganci. Abin da suka rasa shi ne hukuma ta tsaya a bayansu, ta yadda in shugaban mashigi ya ce yau ruwa ya yi yawa ba mai hayewa, maganarsa ta zauna, wanda ya ƙetare ta kuma ya san akwai hukunci.

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne. A san mashigan da ke cikin gari da na ƙauyuka, a rubuta su, kowanne da mai kula da shi daga cikin masu sana'ar. A ja layi da fenti a jikin kowane kwale-kwale, in ruwa ya taɓa layin to lodi ya isa, ko yaro ya gani ya san haka, fasinja ma ya samu bakin magana. A kafa sanda mai alama a bakin ruwa, in kogi ya kai ja a daina fito sai ya sauka. Rigunan kariya kuwa a daina raba su a filin taro ana ɗaukar hoto, domin wanda aka ba ya kai gida, gobe ka gan ta a kasuwa ko an mai da ita matashin kai. A ajiye su a mashigi, na mashigin ne, ka sa ka haye ka cire ka bar wa na baya, kuma a samo ƙanana na yara, tun da su ne aka fi rasawa. Za a ce mutanenmu ba sa son sawa, wai zafi, wai datti, wai in kwana ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne ana faɗin haka. Amma in mai fito ya kafe gorarsa ya ce ba ya tashi sai kowa ya sa, za a sa, kamar yadda ake zama inda ya nuna ba gardama. Malamai ma suna da abin faɗa a nan, domin wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi.

Inda kuma mutane suka yi yawa har kwale-kwale ya zama ba ya isa, musamman inda 'yan makaranta ke hayewa safe da yamma, wannan alama ce wurin ya wuce fito, gadar ƙafa yake buƙata. Masu fiton kansu za su gaya maka waɗanne wurare ne, in an tambaye su.

Ga 'yan jarida kuwa, roƙona ƙarami ne. In abu ya faru, a gaya mana wane iri ne. Mai inji ne ko na hannu? Mutum nawa ya kamata ya ɗauka, nawa ya ɗauka? Da rana ne ko da dare? Na wa ne? Domin in aka ce kwale-kwale ya kife da mutum 200, mai sauraro a Tudun Wada zai girgiza kai ya ce Allah ya jiƙansu, mutanen ƙauye da ganganci, a ransa yana hango wani ɗan itace da talakawa suka cusa kansu ciki. Ba zai tambayi wanda ya mallaki jirgin ba, ko wanda ya karɓi kuɗin mutum 200, ko jami'in da ya kamata ya tsaya a tashar ranar kasuwa. In aka ce masa jirgin haya ne mai inji, na ɗan kasuwa, da aka yi wa lodi ninki uku ya tashi bayan isha'i, tambayoyin da zai yi daban ne, kuma su ne waɗanda masu jirgin ba sa so a yi.

Jihar Kaduna ma tana cikin jihohin da aka shigar hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, wadda ke Minna, kuma hukumar nan ta saba raba rigunan kariya da jirage a Neja da Kebbi da Kwara. 'Yan majalisarmu na jiha da shugabannin ƙananan hukumomin da kogin ya ratsa, Igabi da Chikun da Kaduna ta Arewa da ta Kudu, suna iya neman kasonmu tun yanzu, su kuma zauna da shugabannin masu fito a lokacin rani, sa'ad da ruwa ya janye ana ganin duwatsu da ramukan yashi da ido, a yi alamar kowanne kafin damina ta rufe su.